Wa Ke Cinye Lokacin Kwamfuta? Tarihin Jadawalin Da Ke Tona Asirin Ɓarayi

 Maƙalar wannan makon a kaina ta faɗo, kuma na san akwai waɗanda za su ga take su ce yau kuma ɗan poli ya zo mana da karatun injiniyoyi. Ku yi haƙuri ku biyo ni. Labari ne na ɓarayi da masu kama su, abin da ake sata a cikinsa kuwa lokaci ne.

A shekarata ta biyu a poli na haɗa 'yan kuɗaɗena na sayi laftof ta gwanjo, a kanta nake rubuta littafina na farko, wanda har yau bai fito ba. Wata uku tana aiki lafiya lau, sai ta fara wani ciwo. Fanka ta riƙa ruri kamar injin markaɗe, gindinta ya yi zafin da ba ka iya ɗora ta a cinya, cajin da ke kai ni awa biyu ya koma ba ya cika minti arba'in. In na buga kalma sai na jira kafin haruffan su bayyana. Wani dare an ɗauke wuta, ta mutu a hannuna da babi guda da ban adana ba, babin da na kwana uku ina juya shi a raina. Washegari na saɓe ta na nufi kasuwar waya, da niyyar in rabu da ita ko nawa aka taya.

Mai gyaran da na tarar ko kwance ta bai yi ba. Ya danna maɓallai uku a tare, Ctrl da Shift da Esc, wani jadawali ya fito. Ya taɓa kan layin da aka rubuta CPU, sunaye suka jeru daga mai yawan ci zuwa mai ƙarancin ci. A can sama wani suna ne da ban taɓa gani ba, ya riƙe kusan duk ƙarfin na'urar. Ya dube ni ya ce, "Malam, injinka lafiyarsa ƙalau. Baƙo gare ka, kuma kai kake ciyar da shi." Ashe manhajar zane ta sata da na kwafo a filashin wani abokina don in yi wa littafin bango, ita ta shigo da baƙon. Tun daga ranar nake bin tarihin wannan jadawali, kuma abin da na tarar ya fi yawancin labaran bincike da muke ƙirƙira daɗi.

Kafin tarihi, sai mun san abin da ake ƙirgawa. Furosesa, wato ɗan ƙarfen da ke yin duk lissafin kwamfuta, kamar mai shayi ne shi kaɗai a teburinsa da mutum talatin a kan benci. Ba ya iya sallamar mutum biyu a lokaci guda. Ya zuba wa wannan ruwan zafi, ya juya ya fasa wa wancan ƙwai, ya dawo ya yanka wa na uku burodi, sai dai saurinsa ya kai kowa yana ganin kamar shi kaɗai ake yi wa hidima. Duk manhajar da ke gudana mutum ɗaya ce a kan bencin. Na'urorin yanzu suna da masu shayi huɗu ko takwas a teburi ɗaya, amma dokar ba ta canza ba. Jadawalin nan shi ne littafin da ake rubuta wa ya fi tsare mai shayi.

Asalin littafin kuwa na bashi ne. A shekarun 1950 kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuɗinta miliyoyin daloli ne, kuma aiki ɗaya take yi har ta gama. Ka huda katunanka, ka miƙa wa mai kula da ita ta taga, ka dawo bayan awoyi ko sai gobe ka karɓi sakamako. In ka yi kuskuren waƙafi ɗaya, ka sake bin layi. A watan Nuwamba na 1961, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada wani tsari da suka kira CTSS, inda mutane da yawa za su zauna kowa da na'urar bugunsa, kwamfuta ɗaya tana zagaya su tana ba kowa ɗan tsaki na lokaci. Daga ranar da aka fara rabo, rigimar rabo ta taso. Dole a san wa ya ci nawa, domin a yanka wa kowa kasonsa, a kuma aika wa sashensa takardar biya. Kalmar sirri ma da muke fama da ita yau, a wannan tsarin ta fara yaɗuwa, don kowa ya tsaya a kan nasa.

Wani ɗalibin digiri na uku a wurin, Allan Scherr, awa huɗu aka yanka masa a mako, bincikensa kuwa ya fi ƙarfin awa huɗu. Sai ya sa kwamfutar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa a takarda, ya riƙa shiga da sunayen mutane yana cin lokacinsu. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa. Masu tarihi da dama suna lissafa wannan a matsayin satar kalmar sirri ta farko, kuma wanda ya yi ta ba sirrin kowa yake nema ba, lokaci yake nema.

Cikin shekarun nan dai aka yi wani cin lokaci da ya kusa hana ɗan Adam taka wata. Ranar 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna gangarowa a cikin ƙaramin kumbon Apollo 11, sai kwamfutar da ke sarrafa saukar ta fara ƙorafi da lamba 1202. Kwamfutar nan, wurin ajiyarta na aiki kalmomi 2,048 ne kacal, ko wannan maƙalar ba zai ɗauka ba. Ma'anar lambar ita ce ayyuka sun yi mata yawa, babu sauran gurbi a kan benci. Sau biyar tana kuka, huɗu da 1202, ɗaya da 1201. A cibiyar kula da tafiyar da ke Houston, wani matashi Jack Garman, ɗan shekara 24, yana da takarda da ya rubuta lambobin ƙorafin duka da hannunsa, shi ya gaya wa Steve Bales, ɗan shekara 26, cewa a ci gaba. Sa'annina ne su biyun, abin da ke sa tsikar jikina tashi ke nan.

Abin da ya cece su shi ne yadda aka tsara manhajar a MIT, aikin Hal Laning da rukunin da Margaret Hamilton ta jagoranta: kowane aiki da darajarsa, in wuri ya ƙure sai a zubar da ƙanana a riƙe na tuƙi da na wutar inji. Aldrin ma ya lura cewa ƙorafin yana zuwa ne duk lokacin da ya nemi a nuna masa wani lissafi a allo, sai ya daina nema. Amma wa ke cin lokacin? Sai bayan an sauka injiniyoyi suka gano cewa na'urar radar da aka tanada domin komawa wurin babban kumbo ce take ta aiko da saƙonni marasa amfani, tana ɗauke sama da kashi 10 cikin ɗari na lokacin furosesa. Ita kuwa ba ta cikin jerin ayyuka, ta gefe take ɗiba. Ku riƙe wannan: jadawali yana nuna wanda ya rubuta sunansa ne kawai.

A wannan shekarar ta 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina babbar manhajar Unix a ɗakunan binciken Bell, wadda Linux da Android na wayoyinmu suka ɗauko tsarinta. Tun farkon shekarun 1970 Unix tana da wani umarni mai harafi biyu, ps. In ka buga shi zai jero maka ayyukan da ke gudana sau ɗaya ya tsaya, kamar hoton kati. Mai kula da kwamfutar jami'a, in ta yi nauyi ɗalibai suka fara buga masa waya, sai ya yi ta buga ps yana gwada wannan hoto da wancan da ido.

A 1984 wani ɗalibi a Jami'ar Rice da ke jihar Texas, William LeFebvre, ya gaji da wannan. Ya taɓa ganin wani umarni a babbar manhajar VMS ta kamfanin DEC mai nuna ayyukan da suka fi cin furosesa, sai ya rubuta wa Unix irinsa ya sa masa suna top, wato na sama. Dabarar biyu ce: a jera daga mai yawan ci, sannan allon ya riƙa sabunta kansa bayan 'yan sakanni. Hoto ya zama majigi. Ya raba shi kyauta. A 1992 Roger Binns ya rubuta wa Linux nata, kuma har yau duk wanda aka kira shi saba ta yi nauyi, haruffa ukun nan yake fara bugawa.

To, ga labarin da ya sa na zauna rubuta wannan maƙala. A 1986, a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya, akwai wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll. Kuɗin bincikensa ya ƙare, maimakon a sallame shi sai aka mayar da shi sashen kwamfuta. A wurin ana sayar wa masu bincike lokaci ne, dala 300 kowace awa, kuma littattafan lissafi biyu ake riƙewa. Wata ya ƙare aka gwada, aka ga giɓin senti 75. Abokin aikinsa Dave Cleveland ya miƙa wa sabon zuwa, ya je ya nemo inda kuskuren yake, irin aikin da ake ba yaro don kada ya zauna haka nan. In kun yi lissafi, senti 75 a wannan farashin sakan tara ne na lokacin furosesa. Da ni ne, in faɗa muku gaskiya, da na ciro kuɗin daga aljihuna na cike na huta.

Stoll bai cike ba. Ya bi lissafin layi-layi har ya tarar da wani asusu mai suna Hunter, wanda ya ci lokaci amma babu adireshin da za a aika wa takardar biya, kuma babu ma'aikacin da ya san wanda ya buɗe shi. Wani ne yake shigowa daga waje, ya samu ikon mai gida a kan na'urar, ya buɗe wa kansa asusu. Ya san littafin lissafi na Unix, bai san ɗakin binciken yana da na biyu da suka rubuta wa kansu ba.

Layukan waya kusan hamsin ne ke shiga kwamfutar. A wani ƙarshen mako Stoll ya bi ofisoshin mutanen da suka tafi hutu, ya kwaso na'urorin bugu da firintoci, ya jona wa kowane layi ɗaya, ya shimfiɗa bargo a ƙasa ya kwana a wurin. Da gari ya waye ɗaya daga cikinsu ta fitar da doguwar takarda ɗauke da duk harafin da baƙon ya buga. Dalilin da ya sa ya yi gadin daga waje da takarda shi ne, baƙon ma yana duba jadawali. Da zarar ya shigo sai ya buga ps ya ga wa ke nan, me ke gudana, ko akwai mai kallonsa. In ya ga alamar mai gida yana kusa sai ya fice. Ɓarawo da mai gadi fitila ɗaya suke haskawa.

A nan kuma asirinsa ya fara tonuwa, ta hanyar da ya kamata kowane marubuci ya yi kishinta. Unix a lokacin tana da manyan kare-kare biyu, na Jami'ar Berkeley da na kamfanin AT&T, kuma haruffan da ake liƙa wa ps a baya sun bambanta a tsakaninsu. Cleveland ya duba takardar ya ga baƙon yana sa wani harafi da ɗan Berkeley ba zai sa ba. Ya ce wannan ba ɗalibin garin nan ba ne, a wani wuri ya koyi aikin. Kamar a ce ɓarawo ya rufe fuska ya shiga gida a Fagge cikin dare, sai ya buɗe baki Sakkwatanci ya fito.

Wata goma Stoll yana bin sawu. Hukumar FBI da farko ta ƙi sauraronsa, wa zai buɗe fayil a kan senti 75? Alhali takardunsa suna nuna baƙon yana bi ta kwamfutarsu ne yana faɗawa na'urorin sojin Amurka, yana neman duk fayil mai kalmar nukiliya ko makamai. Ya rataya 'yar na'urar kira a ƙugu, duk lokacin da baƙon ya shigo ta yi ƙara, ya hau keke ya garzaya ofis ko da tsakar dare ne. In ya ga zai kwashi abu mai haɗari sai ya goga makullansa a jikin wayoyin, layi ya cika da hayaniya, baƙon ya zaci matsalar waya ce. An bi layin har Jamus ta Yamma, sai dai na'urorin wayar can tsofaffi ne, ma'aikaci yana buƙatar awa guda ko fiye kafin ya gano lambar, baƙon kuwa ba ya daɗewa. Sai Stoll da budurwarsa suka ƙirƙiro wani ofishi na ƙarya, suka cika shi da takardun bogi a kan shirin makaman sararin samaniya na zamanin Reagan. Kwaɗayi ya zaunar da baƙon yana kwasa har aka kai ga ƙofarsa a birnin Hanoba. Sunansa Markus Hess, shi da abokansa suna sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da suka samo. A 1990 kotu ta same shi da laifi, Stoll ya je ya ba da shaida. Rana dubu ta ɓarawo, in ji Hausawa. Labarin yana cikin littafin Stoll mai suna The Cuckoo's Egg, na 1989.

Bari in ɗan ratse in taɓa mu. A littattafanmu, in aka kawo ɗan dandatsa, yaro ne mai baƙin gilashi, ya zauna ya yi ta buga kibod da sauri, minti biyu ya ce ya shiga banki. Mai kama shi ma haka. Ni ma na rubuta irin wannan a wancan littafin, ba na cire kaina. Ku dubi na gaske: mutum ne da aka rage wa matsayi, yana kwana a ƙasan teburi, yana faɗa da hukuma a kan kuɗin da ba su kai na shayi ba, gidansa yana neman lalacewa saboda ƙarar na'urar kira. Shaidar farko kuma karin harshe ce. Wanne ya fi riƙe mai karatu?

Daga nan ɓarayi suka koyi darasi, aka shiga wasan ɓuya. Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai hayayyafa a intanet, wadda ake kira tsutsar Morris. Ya tsara ta da jadawali a ransa. Tana canza sunanta zuwa sh, sunan wani aiki na yau da kullum da ba mai kallonsa sau biyu, kuma lokaci-lokaci tana haifar kanta ta kashe tsohuwar, don kada a ga aiki ɗaya ya tara lokaci mai yawa. Kuskurensa ɗaya: ya sa ta sake shiga na'urar da ta riga ta kama, sau ɗaya cikin bakwai. Kafin gari ya waye benci ya cika da masu suna ɗaya, na'urori suka durƙushe. An ƙiyasta kusan 6,000 ta kama, lokacin da intanet duka ba ta wuce na'urori 60,000 da wani abu ba. An yanke masa tarar dala 10,050 da awa 400 na aikin gayya.

Shi kansa ƙirgen yana da kafa. A tsofaffin tsare-tsare, agogon na'ura yana bugawa sau 60 ko 100 a sakan, duk aikin da aka tarar a gaban mai shayi lokacin bugun, shi ake rubuta wa kuɗin tsakanin duka. Kamar mai karɓar haraji ne da ke zagayowa kasuwa a sa'a sananniya: in ka iya naɗe tabarmarka kafin ya iso ka shimfiɗa bayan ya wuce, ka ci kasuwa kyauta, maƙwabcinka ya biya. A 2007 Dan Tsafrir da abokan bincikensa biyu suka nuna cewa ƙaramar manhaja za ta iya yin haka, ta cinye mafi yawan lokaci jadawali yana nuna ba ta ci komai ba.

Mu talakawan Windows, namu jadawalin David Plummer ne ya rubuta shi, ɗan Kanada da ke aiki a Microsoft a lokacin. A gida ya fara shi don kansa, daga baya ya kai ofis aka karɓa, ya fito da Windows NT 4.0 a 1996 da sunan Task Manager. Shi ne wanda mai gyara ya buɗe mini. A cikinsa akwai wani layi, System Idle Process, da kan nuna 90 da wani abu cikin ɗari, mutane su firgita su nemi kashe shi, alhali lokacin da mai shayi yake zaune ba ciniki ne ake rubutawa a nan. A 2004 kuma aka samu htop mai launi-launi a Linux. Da na ga sunan wanda ya rubuta shi, Hisham Muhammad, na ɗauka ɗan unguwarmu ne, ashe ɗan Brazil ne.

Wasan ɓuyan bai tsaya ga 'yan daba ba. A 2005 Mark Russinovich ya gano cewa wasu fayafayan waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa manhaja a kwamfutar mai saye, wadda ke ɓoye duk abin da sunansa ya fara da wasu haruffa daga idon jadawali. A 2017 kuma aka fito da Coinhive, 'yan layuka da ake sakawa a shafin intanet, kana karatu furosesarka tana haƙo wa wani kuɗin intanet na Monero. An rufe ta a 2019, amma sana'ar ba ta mutu ba. Wasu irinsu ma da zarar ka buɗe Task Manager sai su yi lamo, ka rufe su ci gaba. Scherr awoyin jami'a ya ci. Waɗannan cajin da ka biya kuɗi a shagon caji suke ci, da batirin da za ka saya kafin lokacinsa.

Ana iya ɓoye suna, ana iya ruɗar ƙirge, amma aiki dole ya ci lokaci, kuma lokacin daga wurin wani za a ɗebe shi. Wannan ne ya sake fitowa fili a watan Maris na 2024.

Akwai wata ƙaramar manhaja ta matse fayil mai suna xz, tana cikin kusan kowace na'ura mai Linux, wato mafi yawan sabobin da intanet ke zaune a kansu. Mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke kula da ita shekara da shekaru a matsayin aikin sa kai. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau. Wasu sunaye kuma suka riƙa aiko da wasiƙun matsin lamba, suna cewa aiki ya tsaya, a ƙara mai kula. Collin ya gaji, ya kuma faɗa a fili cewa ba shi da cikakkiyar lafiya. Sannu a hankali Jia Tan ya samu makullin gida. Sama da shekara biyu yana aikin kirki, sannan a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓarauniyar hanya, wadda za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga na'ura ta sshd, wato ƙofar da masu kula da sabobi ke bi su yi aiki daga nesa. An ɓoye ta a cikin fayilolin gwaji, inda mai karanta manhajar da ido ba zai gani ba. Ta riga ta shiga nau'o'in gwaji na Debian da Fedora, saura ta gangara zuwa waɗanda bankuna da gwamnatoci ke ɗorawa.

Andres Freund Bajamushe ne mai aiki a Microsoft, kuma ba jami'in tsaro ba ne, aikinsa inganta rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana auna saurin wani gyara ne, irin awon da ke buƙatar na'ura ta yi tsit, sai ya duba wa ke motsi. Ya ga sshd tana cin furosesa fiye da ƙima, alhali masu ƙwanƙwasa ƙofar da sunan bogi ne waɗanda ya kamata a kora nan take. Ya tuna wasu ƙananan ƙorafe-ƙorafe da wata manhajar bincike ta yi masa makonni kaɗan kafin nan. Ya ajiye aikinsa ya bi zaren, har ya kai shi cikin xz.

Ranar Juma'a, 29 ga Maris, ya aika wasiƙa ga masana tsaro ya zayyana abin da ya gani. Kafin a kwana kamfanin Red Hat ya yi gargaɗi a daina amfani da nau'o'in da abin ya shafa, Debian ta koma tsohuwar fitowa, aka ba matsalar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Jia Tan bai sake cewa uffan ba, suna kawai ya bari. A cikin wasiƙar Freund ya saka awon da ya yi: kafin a dasa ɓarauniyar hanyar, ƙwanƙwasa ƙofa yana ɗaukar kusan sulusin sakan, bayan an dasa ya koma kashi takwas cikin goma na sakan. Bambancin rabin sakan ne.